Kwanon Fuki

Shekara hamsin da huɗu kwanon nan yana kai-komo tsakanin gidana da gidan Fuki, ko sau ɗaya bai taɓa tsallake shinge ba komai a cikinsa ba. Na tangaran ne, shuɗi, mai murfi, bakinsa ya ɗan ɓantare ta gefe guda. Nata ne, cikin kayan aurenta ya zo. Satin da aka kawo ni garin nan ina amarya, ta miƙo min shi ta saman shinge cike da miso, kirɓaɓɓen waken suyar nan mai gishiri, ta ce, "Ungo, amarya. Uwar mijinki ba ta iya ba, kada ki yarda ki koya a wurinta." Ni kuma da kaka ta yi, mijina ya shigo da shake, jan kifin nan da ke dawowa bakin kogi in sanyi ya fara, sai na yanka na binne shi a cikin mison nata kwana uku, na gasa, na mayar mata da zafinsa. Daga nan aka ɗora.

Su manoma ne, waken suya ne da su har rumbu. Mu kuwa teku muka sani. Ita take dafa wake ta kirɓa, ta zuba gishiri ta rufe a randa sai shekara ta zagayo. Ni ban taɓa haɗa miso ba, ita kuma ba ta taɓa feɗe kifi ba, ƙyanƙyamin hanjin take yi. Mazajenmu suka mutu, 'ya'ya suka girma, kwano bai fasa tafiyarsa ba.

Ban yi karatu ba, ko sunana sai an nuna min inda zan dangwala. Amma babu wanda ya taɓa yi min abu na manta. Na san wadda ta kawo min dankali ranar da mijina ya rasu, na san wanda ya kwashe min ƙanƙara daga rufin ɗaki shekarar da ƙafata ta karye, kuma duk na rama musu, wani da abu, wani da ƙarfin jikina. Ba na iya barci da alherin mutum a wuyana. Kowa ya san ni da wannan, wasu ma dariya suke yi min.

To bara Fuki ta buɗe randa, ta miƙo kwano kamar kullum. Sai kifi ya ƙi zuwa. Ɗana Norio ya yi ta fita da jirgi har ƙarshen kaka, raga na dawowa da tarkacen ƙananan kifi da ciyawar ruwa. Wai ruwan ne ya yi ɗumi. Da ya gaji ya ɗaure jirgin ya tafi birni aikin hanya, ya bar ni da matarsa Harue. Kwano ya zauna a ƙarƙashin daɓen kicin, inda muke ajiye abin da ke son sanyi. Ko yatsa ban tsoma a mison ba.

Harue ta ce, "Inna, ga kifin can a babban kanti, a saya mana."

Na ce, "Wanda aka yi kiwonsa a keji kamar kaza? Daga wata uwa duniya? Fuki zan kai wa wannan?"

"To ki juye mison, ki sa kwalin ashana a ciki ki mayar, yadda kowa yake yi in ba shi da abin sakawa."

"Ashana ta baƙi ce."

Ta ƙyale zancen, don ta san ni. Ni kuma na fara kauce wa Fuki. In na ji motsinta a bakin shinge sai na tuna ina da aiki a ciki. In zan je bakin teku sai na bi ta bayan haikali, hanyar da ta ninka nisa, ga gwiwa tana ciwo. Gidan da nake shiga sau uku a rana ba sallama, na daina taka dokin ƙofarsa. Ba faɗa muka yi ba. Ni dai ba zan iya zama a kan tabarmarta in sha shayinta ba alhali kwanonta na gidana.

Da rani Fuki ta kama ni. Ina bayan igiyar shanya, na ɗauka ba ta gan ni ba.

"Tsuya, ke ce kike raɓewa a bayan zanin gado? Ai ga ƙafafunki nan, babu mai irinsu a garin nan."

Na ce, "Wa ya raɓe? Wanki nake dubawa."

"Wankin ya bushe tun jiya. Ina kwanona? Ko ya samu miji ne a gidanki?"

"Yana nan ƙalau. Ya ma fi ki ƙiba."

"Yanzu ai tsintsiya ma ta fi ni ƙiba."

Sai a lokacin na dube ta sosai. Ta dafa shinge da hannu biyu, wuyan hannun kamar siririyar sandar cin abinci.

Ta ce, "Ki kawo shi haka nan, tsohuwar banza. Ko dutse ki saka a ciki."

"In na saka dutse ki ce bai ji gishiri ba."

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Da ya lafa ta ce, "Ke dai taurin kanki ne zai kashe ki."

"Sai na ga bayanki tukuna."

"Wannan kam ba wuya," in ji ta, ta juya ta shiga ciki tana dafa bango.

Da kaka ta sake zagayowa aka kai ta asibiti a birni. Sati uku ta yi, aka dawo da ita a mota a kwance. Duk wanda ya tsufa ya san ma'anar a dawo da mutum gida a kwance. 'Yarta Sumie ta baro mijinta da aikinta ta zo jinya. Ni na karɓi haihuwar Sumie, a hannuna ta faɗo.

Ranar Litinin da sassafe na ji labari jirgin Genzo ya shigo da shake bakwai. Shi kaɗai ya rage yana kafa raga a bakin kogi, shi da taurin kansa. Na ɗaura ɗankwali na gangara. Na same shi yana jera su a kan ƙanƙara, mai sayen kifi daga birni na tsaye a kansa.

Ya ce, "Yaya Tsuya, duk an yi musu miji."

Na ce, "Ban zo saye ba."

"To kallo kika zo?"

"Genzo, lokacin da matarka Mitsu ta kwanta, wa yake juya ta? Wa yake wanke ta, sanyi biyu cur, kai kana teku?"

Ya cire hula ya sosa ƙeya. "Shekara tara ke nan fa."

"Na taɓa tuna maka?"

"Da baki dai a'a. Amma kullum muka haɗu sai idonki ya tuna min."

"To yau na tuna maka da baki. Namiji nake so, wancan da cikinsa yake fari, wanda bai sha ruwan kogi ba."

Mutumin birnin ya fara magana, Genzo ya ce masa shida ne, shi ne bai iya ƙirga ba. Ya naɗe min kifin a takarda, ya ce, "Na Fuki ne?"

Na ce, "Ka biya, mun rabu, ni da kai. Babu sauran komai tsakaninmu."

Ya ce, "Ki yi sauri dai."

Na dawo gida na feɗe shi. Naman ja wur, yana ƙyalli, rabona da ganin irinsa shekara biyu. Na fitar da yanka shida daga tsakiya, kaurin yatsa biyu-biyu. Na barbaɗa gishiri na bar su har suka yi gumi, na goge da tsumma mai tsabta, don in ba a fitar da ruwan nan ba ƙarni ke bin kifin har cikin miso. Sannan na ɗauko kwanon. Da na ɗaga murfi sai na ga mison ya yi duhu, shekara guda ta ƙara masa, ƙamshinsa ya cika kicin. Na sassauta shi da ɗan giyar shinkafa mai zaƙi, na shimfiɗa rabi a ƙasa, na sa ƙyalle shara-shara, na jera kifin, na rufe da wani ƙyallen, na shafe da sauran mison. Na mayar da murfi, na tura shi ƙarƙashin daɓe.

Litinin, Talata, Laraba. Alhamis da rana a gasa.

Harue na tsaye tana kallona. Ta ce, "Inna, ga sauran kifin nan, a gasa mata yau da gishiri mana."

"Ba haka muke yi ba."

"Ko kwana ɗaya ai ya isa. A talabijin ma awa biyu suke cewa."

"Sau ɗaya na taɓa cirewa a kwana biyu, shekarar da Norio ya yi ƙyanda. Har yau ba ta bar ni na huta ba. Wai na kawo mata kifin da ya gaisa da miso a hanya."

Talata da hantsi Sumie ta shigo. Idonta ya faɗa, gashinta a hargitse. Ta durƙusa a bakin ƙofa, ba ta ƙaraso ciki ba.

"Goggo, Inna ta ce ki zo."

Na ce, "Ya jikin nata?"

"Ta ce ki zo, ko da kwano ko babu."

"Ki ce mata na samu kifi. Namiji, daga ragar Genzo. Yana cikin miso tun jiya. Jibi da rana ina nan tafe."

Sumie ta dube ni. "Goggo, likita ya ce kada mu yi nisa da ita."

"Uwarki ta fi likita taurin kai. Ki dai faɗa mata, za ta jira."

Ta tafi. Can anjima ta dawo ta tsaya a bakin shinge, ta ce, "Na faɗa mata. Ta yi dariya. Ta ce wai ki tabbata kin goge mison kafin ki ɗora a wuta, kullum sai kin ƙona gefe."

Na ce, "Ƙarya take yi, sau nawa na ƙona?"

Na ji daɗin saƙon nan. Na ce a raina, mai ƙarfin tsokana ai ba yau za ta tafi ba. Haka na lallashi kaina, kuma na san lallashi ne.

Laraba da safe na jawo kwanon, na ɗaga ƙyallen ta gefe, na danna kifin da yatsa. Bakin-bakin ya yi tauri ya canza launi, amma tsakiyar da saura. Harue ta durƙusa kusa da ni.

"Inna, ba fa ci za ta yi ba. Ruwa ma da auduga ake ɗiga mata."

"Ko da harshe ta taɓa za ta gane."

"To ki je ki gan ta yanzu, gobe ki kai kifin. Taku nawa ne? Ni zan raka ki."

"In shiga hannu rabbana, bayan shekara guda? Ta ce me ya hana ni zuwa tuntuni?"

"Ba za ta ce komai ba."

"Ba ki san ta ba."

Na mayar da murfin. Na wuni ina sharar tsakar gida, wurin da na riga na share. Tagar ɗakin Fuki tana kallon shingenmu, tsakani bai fi tsawon tabarma uku ba. Labule a sake yake. Sau biyu na kai hannu kan ƙyauren shinge, sau biyu na janye.

Da yamma, rana ta karkata kan tsauni, na ji muryar Sumie tana kiran uwarta. Ba da ƙarfi ba. Ta kira sau uku, irin kiran da ake yi wa mai barci. Daga nan ban sake jin komai ba. Na ajiye tsintsiya.

Haka na shiga gidan Fuki, ba komai a hannuna. An juya shimfiɗarta kai ya dubi arewa, an rufe fuskar da farin ƙyalle. Sumie ta miƙo min kofin ruwa da auduga a bakin tsinke, ba ta dube ni ba. Na ɗaga ƙyallen na jiƙa mata leɓe. Ta ƙanƙance, kamar yarinya. Na so in ce mata wani abu, ko zagi ne, bakina ya ƙi.

Kafin duhu malamin haikali ya zo ya yi karatun farko a wajen kanta. Yaro ne a wurina, na san kakansa. Da ya gama ya juya wurin Sumie yana yi mata bayani: kada a bar turare ya mutu, a sa shinkafa da ruwa, amma ban da kifi, ban da nama, har kwana arba'in da tara. Wannan kowa ya sani. Gidan mutuwa ba ya ganin kifi, maƙwabta na kusa ma ba sa gasawa sai an fitar da gawa. Sai ya ƙara da cewa mamaci a kwanakin nan ba ya cin komai sai ƙamshi, shi ya sa ake kunna turaren.

Na ce, "Malam, ƙamshin me?"

Ya ce, "Na turare, Kaka."

"Turare kaɗai?"

Ya ce, "Haka dai aka saba."

"Fuki ba ta son turare. Atishawa yake sa ta."

Wata daga dangin mijin Sumie ta yi gyaran murya. Harue ta ja hannun rigata, muka fito.

Alhamis ta zo, sai Juma'a za a kai gawar a ƙone, yadda ake yi a nan. Da rana ta take na jawo kwanon. Kifin ya yi. Ya ɗauki launin zuma har tsakiya, ya yi tauri daidai. Na ɗauko ƙaramin murhun gawayi, na fitar da shi tsakar gida na ajiye a gindin shinge, daidai saitin tagarta.

Harue ta biyo ni. "Inna, me za ki yi?"

"Abin da kika gani."

"Gawa na kwance a ciki fa. Mutane sun cika gidan. Me za a ce da mu?"

"A ce tsohuwa ta ruɗe. Miƙo min mafici."

Ba ta miƙo ba, na ɗauka da kaina. Na bar gawayin ya ci har ya yi farin toka, don miso ba ya son harshen wuta. Na zare kifin daga ƙyalle, na share ɗan abin da ya maƙale da yatsa, na ɗora yanka uku a kan wayar gashi. Ba a jima ba mai ya fara ɗiga, fatar ta fara ƙara, gefen ya soma yin ja yana ƙyalli. Hayaƙi ya tashi.

Sai dai iskar ranar daga tsauni take gangarowa. Ta kwashi hayaƙin ta yi teku da shi, ta bayan kaina. Na koma ɗaya gefen na yi ta fifita, ina kora shi wajen tagar. Kaɗan ya tsallake shinge, mafi yawa ya watse. Hannuna ya gaji na canza hannu. Tagar kuma a rufe take.

Na ji maganganu sun tsaya a cikin gidan. Wani namiji ya leƙo ta ƙofar baya ya koma. Sai ga Sumie ta fito cikin baƙaƙen kaya, ta tsaya a inda uwarta ke tsayawa.

"Goggo, mene ne haka?"

Na ce, "Kwana uku ya cika."

"Dangin mijina na ciki. Malam zai dawo anjima."

"Shi ya ce ƙamshi take ci. Ba ni na faɗa ba."

Ta tsaya tana kallon kifin da ke kan wuta. Na juya kifin ɗaya bayan ɗaya. Da ta sake magana muryarta ba ta tashi ba.

"Jiya tun safe take jin shararki. Duk sanda tsintsiya ta tsaya sai ta ce in duba ƙofa. Sau biyu na tashi na duba."

Na ci gaba da fifita.

"Na biyun na ce mata ba kowa. Ta ce, to, saura kwana ɗaya ai."

Mafici ya tsaya a hannuna. Na ce, "Sumie, zan wanke kwanon in zuba wannan. In ba za a shiga da shi ba, ki ajiye a bakin ƙofa ta waje. In an yi arba'in da tara kuma sai in…"

"Ki riƙe kwanon, Goggo."

"Na uwarki ne."

"Ni ba na yin miso. Gidan ma rufe shi za mu yi. Ba ni da abin da zan zubo miki. Ki riƙe."

Ta juya ta shiga. Na tsaya ina kallon bayanta. A rayuwata an zage ni, an yi min gori, amma ba a taɓa ce min in riƙe abin mutum ba.

Can sai na ji ƙarar taga. An zuge ta kaɗan, faɗin tafin hannu, labulen ya motsa. Ban ga wanda ya buɗe ba. Na sunkuya na ci gaba da fifita. Na sauke ukun farko na ɗora sauran ukun. Iska ba ta canza ba. Wani hayaƙin yana kaiwa bakin tagar, wani ba ya kaiwa, ban san nawa ya shiga ba. Na yi ta yi har gawayin ya mutu.

Harue ta kawo faranti ta kwashe kifin. Ta ce, "Inna, shigo ciki."

Muka zauna a kicin, yanka shida a gabanmu, mu biyu. Ta zuba min shinkafa. Na ɓallo kaɗan na sa a baki. Gishirin ya ratsa, zaƙin ya ratsa, ko gefe ɗaya bai ƙone ba. Ban taɓa yin wanda ya kai shi ba.

Harue ta ce, "Ya yi?"

Na ce, "Ya yi."

Na ajiye sandunan cin abincin. Ta jira ko zan ƙara, da ta ga ba zan ƙara ba ta tashi ta rufe farantin. Ta tambaye ni sauran mison da ke cikin kwanon fa, a zubar ko a ajiye, tunda ya sha ruwan kifi ba zai daɗe ba. Na ce ta bar shi tukuna. Har yau da nake wannan magana ban ba ta amsa ba.